Giyar Challenger tana maƙalewa bayan an ɗaura amfilifaya: giya zan fara gyarawa ko sauti?

"Assalamu alaikum, Masta. Ina zaune a Aboabo a nan Kumasi. Na sayi Dodge Challenger R/T ƙirar 2012 mai giya otomatik, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Tema. Bayan na sa an ɗaura mini amfilifaya da babbar sifika a but, motar ta fara maƙalewa a giya ɗaya, ba ta canzawa sai na kashe ta na sake tayarwa, kuma wani lokaci takan yi karkarwa idan ina tafiya sannu a hanyar Ejisu. Wani fita ya ce in sayi wata giyar hom-yus, wato tsohuwa da aka shigo da ita daga ƙasar waje, wani ya ce mai kawai zan canza. Ni kuma ina so a gyara ta har ta ƙara ƙarfi, in kuma sa rediyo mai allo. Da wanne zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a abin hawa, ya kare ka daga sharrin ƙarfe. Idan na fahimce ka, abubuwa uku ne a gabanka: giyar da ke maƙalewa, karkarwar da kake ji a ƙaramin gudu, da kuma burinka na ƙara wa motar ƙarfi da sauti. Shawarata tun farko ita ce kada ka sayi wata giya a yanzu, kuma kada ka ƙara ko waya ɗaya a kayan sauti, sai an tabbatar da lafiyar lantarkin motar. Matsalar ta fara ne bayan an taɓa wayoyi, kuma irin giyar da ke cikin motarka tana cikin waɗanda ƙaramar tangarɗar lantarki kan sa su yi kamar sun mutu alhali ƙarfensu lafiya lau yake.

Giyar da ke cikin motarka

Challenger R/T ta 2012 tana ɗauke da injin Hemi mai silinda 8 da girman lita 5.7, kuma giyar da aka haɗa masa mai hawa 5 ce, wadda kamfanin Chrysler ke kira NAG1 ko W5A580. Asalinta ƙirar Mercedes-Benz ce mai lamba 722.6, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1990, ta shiga motocin Chrysler a zamanin da kamfanonin biyu suka haɗe. Wannan labari ne mai daɗi gare mu a Suame, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, domin duk fitan da ya daɗe yana buɗe tsofaffin Benz ya san cikinta, kuma kayan da ta fi ci ba su da wuyar samu a kasuwar kayan mota ta Magazin da ke Suame ko ta Abossey Okai a Accra.

Giyar tana da kwamfutarta daban, ita ke yanke shawarar lokacin canji. A cikin giyar, saman gidan bawul, akwai wani farantin roba mai hanyoyin lantarki wanda ke riƙe da solinoyid 6, wato bawul-bawul masu aiki da lantarki da ke sarrafa tafiyar mai, da sansa 2 masu auna juyawar sassan ciki, da sansar zafin mai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan giya ba ta da sansar da ke auna gudun da ke fita daga gare ta zuwa tayoyi. Kwamfutarta tana karɓar wannan bayani ne daga sansar tayoyi ta tsarin birkin ABS, ta hanyar wayoyin sadarwa da ake kira CAN. Saboda haka idan sansar tayar baya ta lalace, ko wutar motar ta faɗi, ko wani ya yanki wayar sadarwa, kwamfutar takan ga lissafinta bai daidaita ba, sai ta kare giyar ta hanyar tsayar da ita a hawa ɗaya. Idan laifin na lantarki ne, yawanci a giya ta 2 take tsayawa. Idan kuwa santsi ta gano a cikin ƙarfe ko matsin mai, takan nemi ta 3. Wannan kariya ce da aka gina da gangan, kuma ita ce kake gani.

Fara daga but

Batirin Challenger a but yake, ƙarƙashin shimfiɗa kusa da safaya, wato daidai wurin da mai haɗa maka sauti ya yi aikinsa. Abu na farko da zan yi da motarka, tun kafin in shiga ƙarƙashinta, shi ne in cire fis ɗin amfilifayar gaba ɗaya, in ce ka tuƙa ta haka na 'yan kwanaki. Wannan gwaji ba ya cin ko sidi ɗaya. Idan maƙalewar ta tsaya, mun san inda za mu nufa.

Sannan a auna batir: cikakken batir mai lafiya, injin a kashe, yana ba da kusan bolt 12.6, kuma idan injin yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, ko da an kunna fitilu da iyakwandishan. A duba kan batirin ko ya yi sako-sako, a bi wayar da ke kai shi jikin mota a ga ko an kwance ta an ɗora wa wata a kai. Na sha ganin motocin da aka kawo mini da sunan giya ta mutu, sai a tarar an liƙa wayar ƙasa ta amfilifaya a kan fenti da ƙaramin sukuru, ko an cusa wayar kunnawa a ƙafar wani fis da ba a san abin da yake ciyarwa ba. Duk lokacin da sifikar ganga, wato babbar sifikar but, ta buga da ƙarfi wuta takan faɗi, kwamfutar giya kuma ta rubuta laifin ƙarancin wuta ko yankewar sadarwa, ta shiga kariya.

Ka kuma sa a duba altaneta da kyau. A shekarun 2014 da 2017 kamfanin ya yi kiran a mayar da wasu motocinsa ƙirar 2011 zuwa 2014, har da Challenger, saboda altanetar da ke ƙonewa ba zato. Motar da ta fito daga gwanjon motocin hatsari a Amurka ba lallai ne an taɓa kai ta wannan gyara ba. Da lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17 za ka iya dubawa a shafin hukumar NHTSA ta Amurka ko taka tana ciki. Altanetar da dama ta raunana, aka kuma ɗora mata nauyin amfilifaya, ba za ta daɗe ba.

Bayan haka sai na'urar bincike, kuma a nan mutane ke yawan ruɗuwa. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu takan nuna P0700 kawai, wanda ma'anarsa ita ce kwamfutar giya tana da ƙorafi, ba tare da faɗin mene ne ba. Ana buƙatar na'urar da ke shiga kwamfutar giya da ta ABS kai tsaye. P0715 yana nuni ga sansar juyawa, wato farantin nan ko soket ɗinsa. P0730 yana cewa lissafin hawa bai yi daidai ba, wanda zai iya zama santsi na gaske, ko ƙarancin mai, ko bayanin ƙarya daga tayoyi. P0741 kuma na kulocin da ke cikin kanbata ne, wato kaskon nan mai cike da mai da ke haɗa injin da giya. Lambobin da suka fara da harafin U na sadarwa ne, kuma idan su ne suka cika allon, to mai wayoyi ya kamata a kira kafin mai giya. Ka roƙi fitan ya rubuta maka lambobin a takarda kafin ya goge su, domin wasu sukan goge su karɓi kuɗi, mota ta yi lafiya kwana biyu ta koma gidan jiya.

Mai, soket da faranti

Wanda ya ce ka canza mai bai yi kuskure gaba ɗaya ba, sai dai bai kai ƙarshen magana ba. A gefen dama na giyar, ta gaba, akwai wani soket zagayayye mai ƙafa 13 inda wayoyi ke shiga, kuma zoben robar da ke toshe shi sananne ne da yoyo. Idan ya fara, mai yakan ragu a hankali, ya jiƙa ƙafafun soket ɗin, wani lokaci ma ya bi cikin wayoyi ya hau sama. Kayan ba su da tsada, kuma ni ba na buɗe kaskon wannan giya ba tare da na canza shi ba. Sukurun da ke tsakiyarsa siriri ne ƙwarai, hannu mai nauyi yakan karya mazauninsa a jikin faranti, ƙaramin aiki ya koma babba.

Man da Chrysler ya tsara wa wannan giya shi ne ATF+4. Jan launi ba shaida ba ce, domin yawancin man giya ja ne, kuma wanda ake aunawa a galan a bakin hanya ba ka da tabbacin abin da ke cikinsa. Giyar gaba ɗaya tana ɗaukar kusan lita 8, amma idan kasko kawai aka sauke, abin da ke fita bai wuce rabi ko ɗan fiye ba, saura yana cikin kanbata da bututu. Motar kuma ba ta zo da sandar auna mai ba, bututu ne kawai da murfi. Akwai sanda ta musamman da ake zurawa, injin yana aiki, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a kwatanta tsayin man da zafinsa kamar yadda na'ura ta nuna. Wanda ya zuba da ƙiyasi yakan cika ko ya rage, kuma duka biyun suna kawo matsala: wanda ya yi yawa yana kumfa, wanda ya yi kaɗan yana barin famfo ya ja iska.

Lokacin da aka sauke kaskon, ka tsaya ka gani da idonka, domin a nan gaskiyar giyar take. Laushin baƙin gari kaɗan a jikin maganaɗisu abu ne na kullum. Mai baƙi mai warin ƙuna tare da ɓarɓashin kuloci yana nufin faifan ciki sun ci wuta. Ƙyalƙyalin ƙarfe ko tagulla yana nufin wani abu na niƙewa. Idan kuwa man ya koma kamar madara mai ruwan hoda, to ruwa ya shiga, ko dai motar ta nutse tun a can kafin a yi gwanjonta, ko ka ratsa ambaliya da damina, abin da mazauna Aboabo ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. Ruwa yana sakin gam ɗin da ke riƙe da fatar kuloci, kuma canjin mai ba ya mayar da shi. A waɗannan hali uku na ƙarshe ne kawai nake yarda a fara maganar buɗe giya ko sayen wata. Idan kaskon yana da tsabta kuma lambar laifi ta nuna sansa, sai a canza faranti, soket, filta da gaskit a zama ɗaya, a ɗaure sukurorin kasko da ma'aunin ɗauri a kan 8 Nm (awon ƙarfin murɗawa), sannan a goge tsohon koyon da kwamfutar ta yi domin ta sake sabawa da sababbin kaya.

Game da hom-yus, ka sani cewa sayen abin da ba ka ga cikinsa ba ne. Ko da yake cikin giyar Benz da ta Dodge dangi ne, bakin da ke haɗuwa da injin ba ɗaya ba ne, kuma ta injin silinda 6 ba za ta maye gurbin ta Hemi ba. Idan dole ta sa, ka saye ta da kanbatarta, a sauke kaskonta a gabanka, a rubuta kwanakin garanti a rasit, kuma a wanke bututun sanyaya mai kafin a ɗaura, don kada dattin tsohuwar ya kashe sabuwar.

Karkarwar hanyar Ejisu

Wannan tana iya zama ba ta da alaƙa da giya ko kaɗan. Injin Hemi da ke tare da giya otomatik yana da tsarin MDS, wanda ke kashe silinda 4 idan ana tafiya ba nauyi domin a rage shan fetur. Lokacin da ya yi haka sautin salansa yakan canza, mota ta ɗan yi gurnani, musamman idan an sauya salansa ko robobin da ke riƙe da injin sun mutu. Gwajin mai sauƙi ne: idan karkarwar ta zo, ka tura sandar giya gefe zuwa tsarin canji da hannu, wanda ke dakatar da MDS. Idan ta ɓace, ka duba man injin, domin tsarin yana son 5W-20, mu kuwa a nan an saba zuba mai kauri da hujjar zafin ƙasa. Ka duba fulogi kuma, waɗanda a wannan injin 16 ne, biyu a kowace silinda. Idan karkarwar ta ci gaba, kamar kana taka ƙananan tudun rage gudu a jere, to zargi ya koma kan kulocin kanbata ko gurɓataccen mai.

Batun ƙara ƙarfi

Lambar 580 da ke cikin sunan giyar tana nuna ƙarfin murɗawar da aka tsara mata a ma'aunin Nm, injinka kuma yana ba da kusan 540 yadda ya fito daga kamfani. An sa irinta a Challenger SRT8 mai injin lita 6.4 wanda ya fi haka ƙarfi, saboda haka tana da juriya, amma juriyar giya mai lafiya ce, ba wadda ta haura shekara goma ba a san tarihin manta ba. Masu tsere a Amurka sukan sa kanbata mai barin injin ya hau sosai kafin ta kama, su canza solinoyid, su sake rubuta kwamfuta don canji ya yi kaifi. A ra'ayina yawancin wannan bai dace da mai bin cunkoson Kejetia da shataletalen Suame kullum ba, domin irin wannan kanbata zafi take ƙarawa, zafi kuma shi ne babban makashin giya otomatik.

Ƙarin da nake ba da shawara a kai shi ne na sanyaya mai. A waɗannan motoci ma'ajin sanyaya man giya yana haɗe da kwandensar iyakwandishan a gaban lagireto, wurin da hatsarin gaba ya fi shafa kuma ƙurar hunturu ta fi toshewa. A tabbatar an mayar da irin da ya dace, a wanke shi, idan ana so a ƙara wani ƙarami a layi. Sai kuma canjin mai da filta a kan lokaci. Ni nakan ce wa masu irin motar su yi duk bayan kilomita 50,000 zuwa 60,000, saboda tafiyarmu ta tsaya-tafi cikin zafi ta fi kama da ta tasi. Kada kuma a canza girman tayoyin baya ko haƙoran difaranshal ba tare da an sanar da kwamfuta ba, tunda lissafinta daga tayoyin yake fitowa. Sake rubuta kwamfutar injin ko ta giya ba fannina ba ne, kuma ba na barin a yi shi a motar da ke hannuna sai wanda zai yi ya adana ainihin rubutun kamfani yadda za a iya mayarwa.

Sauti, bayan komai ya daidaita

Rediyon wannan mota ba ya samun umarnin kunnawa ta wayar makulli irin ta tsofaffin motoci; ta hanyar CAN yake samu, kuma idan motar ta zo da amfilifayar kamfani, irin ta tsarin Boston Acoustics, ita ma ta nan ake tashe ta. Don haka rediyo mai allo yana buƙatar ƙaramin akwatin fassara da aka yi wa wannan ƙira, irin waɗanda PAC, Axxess ko iDatalink ke yi, wanda zai ba da wutar kunnawa, ya tashi amfilifaya, ya kuma bar maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki. Mai haɗin da ya ce ba ya buƙatarsa, almakashi zai sa wa wayoyin, kuma wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ka sa sharaɗi tun farko cewa ba za a yanki wayar kamfani ko ɗaya ba.

Wajen amfilifaya, ka manta da babbar lambar da aka buga a kwali, ka nemi ta RMS, wadda ita ce ƙarfin gaske. Amfilifaya mai wat 1,000 na RMS, ko da irin mai tattalin wuta ce, tana iya jan kusan amfiya 90 idan an ƙure ta, alhali altanetar tana ciyar da fanka, famfon fetur, fitilu da kwamfutoci. A cikin mota mai ƙofa biyu, wat 400 zuwa 600 da sifikar ganga ɗaya mai inci 10 ko 12 a rufaffen akwati sun isa su cika kunne. Kasancewar batir a but yana taƙaita wayar wuta, amma dole a sa fis tsakanin santimita 45 daga batirin, wayar ta zama tagulla zalla, domin da yawa daga masu kauri da ke kasuwa alminiyom ne aka shafa wa tagulla, suna zafi kuma suna ruɓewa da laima. Wayar ƙasa ta zama gajeriya mai kauri ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure. A bar bututun da ke fitar da iskar batir zuwa waje a wurinsa, a kuma ɗaure akwatin sifikar da jikin mota don kada birkin gaggawa ya jefa shi kan batirin.

Abin da ya fi gyara sauti a wannan mota sau da yawa ba a but yake ba. Sifikun ƙofa masu girman inci 6x9 da ƙananan da ke kan dashbod su ke ɗauke da murya, ko waƙa kake ji ko karatu ko labarai, kuma ƙofofin Challenger dogaye ne masu faɗin ƙarfe da ke amsa kuwwa. Liƙa takardar kashe girgiza a cikinsu da sa sifiku masu kyau yakan ba da bambancin da ƙarin wat ba zai bayar ba. A auna om na tsofaffin, wato awon yadda sifika ke tare wuta, kafin a sayi sababbi, saboda na kamfani kan zama ƙasa da om 4 da aka saba, kuma idan ba a dace ba sauti yakan ragu. A saita matatar sauti ta amfilifaya yadda duk amo mai kauri da ke ƙasa da 80 Hz zai tafi sifikar ganga, a kuma daidaita maɓallin shigar sauti na amfilifaya da abin da rediyo ke bayarwa, ba a murɗa shi ƙarshe ba, domin murɗawar ce ke ƙona sifika.

Duk wannan bayani na gina shi ne a kan abin da ka rubuto, kuma ba a yanke wa giya hukunci daga nesa; sai an ji ta a hanya, an ga manta, an karanta lambobinta. Ka cire fis ɗin amfilifayar yau, ka guji doguwar tafiya irin ta Accra har sai an duba, kuma idan ta maƙale a hanya kada ka matsa mata totur a giya ta 2, ka samu wuri ka tsaya ka kashe ta na ɗan lokaci. Idan ka samu lambobin laifin da awon batirin, ka aiko mini da su tare da launin man da aka gani, sai mu san ko faranti za a saya ko mai wayoyi za a mayar wa aikinsa.